Injin kwashe dusar ƙanƙara mai batir: ina cajin yake tafiya?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Rabi ce, tare da Injiniya Kabiru da ƙanenmu Usman. Yau za mu leƙa ƙasashen da hunturu ke toshe wa ƙofar gida da dusar ƙanƙara, irin su Kanada, arewacin Amurka, arewacin Turai da Japan. A can mutum yakan kwanta hanyar gidansa fes, da asuba ya tarar ko mota ba ta iya fita daga gareji. Akwai injin da ake turawa da hannu, yana kwasar dusar yana cillawa gefe. Shekara da shekaru da fetur yake aiki, yanzu kuma ga masu batir sun fito, ba waya ba hayaƙi. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya Kabiru: Barka kadai, Hajiya. Malam Usman, barka.

Usman: Barka dai, ranka ya daɗe. Ni tun kafin a yi nisa bari in faɗi inda na tsaya. Ban yarda batir zai iya wannan aiki ba. Aikin ƙarfi ne, a cikin sanyi ake yinsa, kuma kowa ya san batir da sanyi ba sa ga maciji.

Injiniya Kabiru: Ka riƙe wannan magana, za mu zo kanta, don akwai gaskiya a ciki. Amma mu fara sanin abin da injin yake yi. Wanda aka fi dangantawa da ƙirƙiro shi Arthur Sicard ne, mutumin yankin Montreal a Kanada. Injin sussukar hatsi ya kalla ya ɗauko dabarar. A 1925 ya kammala nasa, a jikin babbar mota, a 1927 kuma hukumar garin Outremont ta saya. Ƙananan da ake turawa da hannu sai a shekarun 1950 kamfanoni irin su Toro suka fara fito da su, Ariens ya biyo baya a 1960. Tun daga lokacin ginin bai canja sosai ba. A gaba akwai baki mai faɗi, a cikinsa wani murɗaɗɗen ƙarfe yana juyawa yana tattaro dusar zuwa tsakiya. Mu kira shi makwashi. Daga nan ƙira ta rabu. A mai hawa ɗaya, makwashin ne ke kwasa, shi ne kuma ke cillawa ta bututu, don haka dole ya yi gudu sosai. A mai hawa biyu, makwashin yana juyawa a hankali yana farfasawa, ya miƙa wa wata farfela a bayansa, ita ce mai gudun, ita ke cillawa.

Hajiya Rabi: Wato an raba aikin, wani ya tara wani ya jefa.

Injiniya Kabiru: Haka ne. Mai hawa ɗaya yakan zo da fuka-fukan roba da ke taɓa ƙasa, shi ya sa yake share siminti tas, amma in ka kai shi kan tsakuwa zai riƙa harba duwatsu. Mai hawa biyu yana da takalma a gefe da ake ɗaga bakinsa da su, ya bar tsakuwar a ƙasa.

Usman: To ai ka ga, duk wannan ƙarfe da farfela, me zai juya su in ba injin fetur ba? Na san an daɗe da yin masu wayar lantarki, kuma ba su taɓa kamo na fetur ba.

Injiniya Kabiru: Dalilinsu daban ne. A Amurka da Kanada soket ɗin gida volt 120 yake bayarwa, layin da aka fi sawa kuma ampiya 15 yake ɗauka. Ka ninka, wat 1,800 ke nan, ba ƙari. Ga waya tana binka a baya, ta sandare da sanyi, kana tsoron kada makwashi ya haɗiye ta. Batir ba shi da wannan iyakar, yana iya zubo wuta fiye da soket na ɗan lokaci. Matsalarsa ba ƙarfi ba ce. Matsalarsa yawan abin da ke cikin tanki, wato yawan cajin da yake iya riƙewa. Nan ne duk wahalar ƙirar take, kuma ina so mu yi lissafin tare.

Hajiya Rabi: Bismillah, amma a hankali, don masu sauraro ba su da allo a gabansu.

Injiniya Kabiru: Mu ɗauki hanyar shiga gida mai faɗin mita 6 da tsawon mita 15. Dusa ta sauka zurfin santimita 20. Kubik mita 18 ke nan. In busasshiya ce mai laushi, kowane kubik mita bai wuce kilo 100 ba, wani lokaci ma bai kai ba. Jimla kilo 1,800. In kuwa jiƙaƙƙiya ce, wadda ta fara narkewa, tana iya kai kilo 300, jimla kilo 5,400.

Usman: Sama da tan 5, a ƙofar gida ɗaya?

Injiniya Kabiru: A hanya ɗaya, zurfi ɗaya, ido ba zai nuna maka bambanci ba. Shi ya sa in ka ga an rubuta a kwali cewa injin zai share wurin ajiye motoci kaza da caji ɗaya, tambayar farko ita ce, wace irin dusa? To yanzu a ce muna cilla ta da gudun mita 15 a daƙiƙa. In babu asara ko kaɗan, busasshiyar za ta ci kimanin wat-awa 56 (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka kashe ko aka ajiye), jiƙaƙƙiyar kuma wajen 170. Babban batir na irin waɗannan injina, mai volt 56 da ampiya-awa 7.5 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka), wat-awa 420 ake rubuta masa.

Hajiya Rabi: Ashe ma ya isa har da saura.

Injiniya Kabiru: A takarda ya isa. A fili kuwa cillawar ɓangare ɗaya ce kawai. Sai ka yanka dusar, ta goga a jikin baki, ta goga a bututu, tayoyi su ja injin, moto ya yi zafi, giya ta ci nata. Abin da ake kashewa a gaske yakan ninka wancan lissafi sau da yawa. Yanzu kwatanta da fetur. Lita ɗaya tana ɗauke da kusan wat-awa 9,000. Ƙaramin inji yana mayar da kamar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai ya zama aiki, saura zafi ne da hayaƙi. Duk da haka ka samu wajen 2,000. Lita ɗaya ke nan ta yi kusan irin wancan batir guda 5.

Usman: Alhamdu lillahi, ka kawo mini hujjata da kanka.

Injiniya Kabiru: Na kawo, kuma ban janye ba. Abin da nake so ka gani shi ne abin da wannan ke nufi ga mai ƙira. Wanda ya ƙera na fetur yana iya yin sakaci, man zai rufa masa asiri. In bututu yana da gargada, in farfela ta bar giɓi tsakaninta da gidanta dusa na zamewa, sai a ƙara girman inji, shi ke nan. Mai ƙera na batir ba shi da wannan gatan. Duk wat ɗin da ya zubar, minti ne ya cire wa mai gida. Don haka ni a wurina injin batir mai kyau ba na fetur ba ne da aka cire wa inji aka ɗora moto. Wanda aka sake tunaninsa ne tun daga baki har bututu, ana tambayar kowane sashe nawa yake ci.

Hajiya Rabi: Ba mu misali ɗaya da ya fi kowanne tasiri.

Injiniya Kabiru: Nisan jifa. Ƙarfin da ake buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun farfela. In ka ninka gudun sau 2, ƙarfin da za ka kashe ya ninka sau 4. Kamfanoni suna son yin alfahari da cewa injinsu na jefa dusa mita goma sha wani abu, don yana burge ido. Amma mutumin da hanyarsa mita 6 ce, in ya fara daga tsakiya, mita 3 ko 4 kawai yake buƙata. Sauran duk caji ne ake watsa wa iska. Injin fetur yana son ya yi ta gudu a wuri ɗaya, amma moton lantarki kana iya rage masa gudu yadda kake so ba tare da ya mutu ba. Saboda haka maɓallin rage gudun farfela, wanda wasu ke ɗauka kwalliya ce, a ganina shi ne mafi daraja a jikin injin.

Usman: To in an rage gudun ba zai toshe ba? Jiƙaƙƙiyar nan fa manne take yi.

Injiniya Kabiru: Zai iya, kuma ka taɓo inda ake ciniki. In gudun ya yi ƙasa sosai, jiƙaƙƙiya ta tsaya a wuyan bututu. Shi ya sa ake son bututu mai santsi, marar lanƙwasa mai kaifi, da yawa ma na roba mai tauri ake yi don dusa ba ta cika kama shi ba, kuma ba ya tsatsa. Sannan akwai wani abu da mutane ba sa lissafawa, wato jifa biyu. In ka cilla dusa ta faɗa inda ba ka share ba tukuna, za ka sake ɗaukarta, kuma a karo na biyu ta fi nauyi don ta dunƙule. In juya bututun yana da wahala, sai ka tsaya ka sunkuya ka murɗa wani hannu, mutum zai yi kasala ya bar shi yadda yake. In kuwa sandar juyawar tana nan kusa da hannunsa, zai riƙa gyarawa a kowane layi. Ka ga wurin da aka sa sanda ɗaya ya shafi tsawon rayuwar caji.

Hajiya Rabi: Wannan ya yi mini, domin ni kullum mai turawar nake tunawa. Yana sanye da safar hannu mai kauri, gari bai waye ba, iska na busa masa dusar a fuska. In maɓallan ƙanana ne, ko sai an danna da ɗan yatsa tsirara, to an cuce shi. Haka murfin gidan batir, ya kamata a iya buɗe shi da safar a hannu.

Injiniya Kabiru: Ƙwarai, Hajiya. Fitila ma haka, dole ce don da duhu ake aikin, kuma ta zamani ba ta cin komai. Mariƙin inji mai ɗumama kansa yana da daɗi, amma daga tanki ɗaya yake sha, sai a ba mutum damar kashe shi.

Usman: Mu dawo kan sanyin nan, ranka ya daɗe, kada lokaci ya ƙure ba a biya ni ba.

Injiniya Kabiru: To ga shi. Batirin da ke ciki na litiyam ne, irin wanda Sony ya fara sayarwa a 1991. In ya yi sanyi, ruwan da ke cikinsa yana yin nauyi, wutar ba ta fita da sauƙi. Kana neman wuta mai yawa lokaci ɗaya, sai volt ɗin ya faɗi. Na'urar da ke tsaron batir ta ga ya faɗi, ta ɗauka caji ya ƙare, ta yanke. Alhali cajin yana nan, in batirin ya ɗumama zai dawo. Mafita ta farko mai sauƙi ce, a yi batirin na cirewa, ya kwana a ɗaki, inji ya kwana a gareji. Ya fito da ɗuminsa, kuma da ya fara aiki shi kansa yana haifar da zafi, in gidansa a rufe yake zai riƙe. Mafita ta biyu, a sa batir 2 su yi aiki tare, kowanne ya ɗauki rabin nauyin, faɗuwar ta ragu.

Usman: Amma duk da haka, a digiri 20 ƙasa da sifili, ga tan 5 na dusa…

Injiniya Kabiru: Tsaya nan. Waɗannan biyun ba su cika zuwa tare ba. Dusa mai nauyi, mai ruwa, a kusa da sifili take sauka, lokacin da sanyin bai kai ya karya batir ba. In kuwa an kai digiri 20 ƙasa da sifili, abin da ke sauka gari ne busasshe, marar nauyi. Wato ranar da batir ya fi rauni, aikin ya fi sauƙi.

Usman: Af, wannan ban taɓa haɗa shi ba.

Injiniya Kabiru: Sai dai akwai wuri ɗaya da suke haɗuwa, kuma can ne nake auna kowane inji. Bakin hanya. Motar hukuma tana bi tana ture dusar titi, sai ta bar tudu a ƙofar kowa, kamar kunyar da garma ke tayarwa a gona. Wannan tudun an matse shi, akwai gishirin da ake watsawa a titi, akwai yashi da dunƙulen ƙanƙara. Ya ɗan narke da gishiri, dare ya yi ya sake daskarewa. Nauyinsa ya ninka na sabuwar dusa sau da yawa. Kuma in ba ka fasa shi ba, duk sharar da ka yi a ciki banza ce, mota ba ta fita.

Hajiya Rabi: To mai batir yana fasa shi?

Injiniya Kabiru: Mai hawa biyu mai makwashin ƙarfe da haƙora yana fasawa, in an bi shi da rabin baki, ba a cusa shi gaba ɗaya ba. Moton lantarki ma yana da wata falala a nan, ƙarfin murɗarsa yana nan tun daga tsaye, ba ya shaƙewa ya mutu yadda na fetur ke yi. Amma yana zuƙar wuta ba kaɗan ba. Shawarar da ake bayarwa, kuma na yarda da ita, a fara da tudun nan tun batir na cike da ɗuminsa. Mai hawa ɗaya mai fuka-fukan roba kuwa, gaskiya ba aikinsa ba ne.

Usman: Akwai kuma maganar nauyi. Ana tallar cewa mai batir ba shi da nauyi, kamar abin yabo ne. Ni na ga in ba shi da nauyi, hawa kan tudun zai yi maimakon ya ci shi.

Injiniya Kabiru: Gaskiyarka. Nauyin injin fetur yana danne tayoyi su kama ƙasa, yana kuma hana baki ɗagawa. Mai ƙira sai ya yi amfani da batirin a matsayin nauyin. In ya kai shi baya sosai, baki ya ɗaga. In ya kai shi gaba sosai, tayoyi su yi ta zamewa, juya injin ya yi wuya. Yawanci a ƙasa-ƙasa ake sa shi, kusa da saman tayoyi. Sannan lantarki ya ba da damar raba moto, ɗaya na makwashi da farfela, ɗaya na tayoyi. Sai ka iya tafiya a hankali farfela na gudu. Honda ta nuna wannan tun 2001 a Japan da wani inji mai haɗi, fetur na juya makwashi, lantarki na jan ƙafafu. Irin waɗannan suna rage tafiya da kansu in nauyi ya yi yawa. A mai batir zalla abin ya fi sauƙi ma, domin na'urar tana ganin yawan wutar da makwashi ke ja a kowane lokaci.

Hajiya Rabi: Ni dai ba zan raina rashin nauyin ba. Likitoci a waɗannan ƙasashe sun daɗe suna gargaɗi cewa kwasar dusa da shebur tana jawo bugun zuciya, musamman ga masu shekaru. Dattijuwar da ba za ta iya fizgar igiyar tayar da inji a cikin sanyi ba, ba za ta iya wanke kafireta da tsohon mai ya toshe tun bara ba, in ta samu abin da za ta danna ya tashi, ai an fitar da ita daga hatsari. Ga shi ba hayaƙin da ke kashe mutane in an tayar da inji a rufaffen gareji. Ga maƙwabta na barci ba a tashe su ba.

Injiniya Kabiru: Duk haka ne. Amma shirun nan yana da nasa hatsarin, kuma ina so a ji wannan da kyau. Raunin da aka fi sani da waɗannan injina na hannu ne. Bututu ya toshe, mutum ya zura hannu ya cire, farfela ta yanke masa yatsu. A na fetur ƙarar inji tana tuna maka yana raye, kuma ko an kashe shi, abin da ya maƙale yana iya sakin farfelar ta yi juyi. Mai batir da ka saki hannu sai ya yi tsit, kamar a kashe yake, alhali wuta na jiran taɓawa ɗaya. Don haka ƙira mai kyau tana sa sai an yi abu biyu kafin ya tashi, tana da mabuɗin cirewa, tana tsayar da farfela nan take in an saki hannu, kuma tana maƙala sandar share bututu a inda ido zai gan ta. Mai amfani kuma ya cire batir kafin ya taɓa bakin, kuma ko ya cire, da sanda, ba da hannu ba.

Usman: In makwashi ya haɗiyi dutse ko tabarmar ƙofa da dusa ta rufe fa?

Injiniya Kabiru: Tun da can akwai notin da aka yi shi musamman don ya karye, ya ceci giya. A mai batir na'urar tana ganin wuta ta yi tsalle, ta yanke cikin ƙiftawar ido. Wasu sai su ce to notin ya zama tarihi. Ni ban yarda ba. Ko an yanke wuta, ƙarfen da ke juyawa yana ɗauke da gudunsa, kuma wannan bugun giya ce za ta sha. A bar su duka biyun. Kuma in ya karye kada a maye shi da noti mai tauri na gama-gari, domin karo na gaba giyar ce za ta fashe.

Hajiya Rabi: Ruwa da lantarki fa? Dusar nan ai ruwa ce da ke jiran narkewa.

Injiniya Kabiru: Ruwan gishiri ma, wanda ya fi cin ƙarfe da mahaɗar waya. Moton da ake sawa yanzu marar gawayi ne, ba abin da ke gogawa yana tartsatsi, ya fi sauƙin rufewa, ya fi tattalin wuta. Allon na'urar akan lulluɓe shi da wani danƙo. Gidan batir kuma yana son murfi da kuma ƙofar da ruwa zai tsiyaye, don in ya kwanta ya daskare a mahaɗa, gobe batir ba zai shiga ba. Haka gidan farfela, in an bar dusa ta narke ta sake daskarewa, farfelar ta kafe. Shi ya sa ake barin injin ya ɗan juya babu kaya kafin a ajiye. Babban abin kiyayewa dai shi ne caji. Batirin litiyam yana iya ba da wuta a ƙasa da sifili, amma in aka yi masa caji a haka, litiyam ɗin yana kwanciya a matsayin ƙarfe a cikin ƙwayoyinsa, wato ƙananan baturan da aka jera a cikinsa. Wannan lahani ba ya gyaruwa, yana iya kai wa ga gobara. Caja mai kyau tana jin sanyin batir ta ƙi farawa sai ya ɗumama. In ka ga ta ƙi, ba lalacewa ta yi ba.

Usman: Saura abu ɗaya da ke ruɗa ni. Kamfanin EGO ya ce batirinsa volt 56 ne, Toro ya ce 60, Greenworks ya ce 80. Mai 80 ne ya fi ƙarfi ke nan?

Injiniya Kabiru: Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar nan ƙidayar ƙwayoyi ce kawai. Kowace ƙwaya ana lissafa ta volt 4 in tana cike. Jera 14 ka samu 56, jera 15 ka samu 60, jera 20 ka samu 80. A bakin aiki ma kowace tana kusa da 3.6 ne. Volt mai yawa yana da amfani, don yana rage wutar da ke bin waya, zafi ya ragu. Amma ba shi ne girman tanki ba. Ka ninka volt da ampiya-awa. Mai 80 da ampiya-awa 4, wat-awa 320 ne. Mai 56 da 7.5, 420 ne. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi riƙe aiki. Da ni ake tambaya, wat-awa za a buga da manyan baƙaƙe a gaban kwali.

Hajiya Rabi: To Usman, ka sauko?

Usman: Na sauko rabi, Hajiya. Ga hanyar gida madaidaiciya, na yarda. Amma ku tuna Buffalo a jihar New York, a Nuwamban 2014, inda iskar tafkin Erie ta sauke dusa kusan mita 2 a wasu unguwanni cikin 'yan kwanaki. A irin wannan rana ana fita sau da yawa, kuma guguwa takan tafi da wutar lantarki. Mai galan ɗin fetur zai ci gaba. Mai batir da me zai yi caji?

Injiniya Kabiru: Ba ni da amsar da za ta kayar da wannan. Mai doguwar hanya a karkara, ko wanda sana'arsa share wa mutane gidaje daga safe zuwa dare, har yanzu fetur ya fi masa. Mai batir abin da zai iya shi ne ya ajiye na biyu a cike, ya kuma riƙa fita tun dusar ba ta taru ba.

Usman: Kuma na biyun dole na kamfanin ne. Wannan ma yana ci mini rai. Batirin wannan ba ya shiga injin wancan, alhali ƙwayoyin ciki kusan iri ɗaya ne.

Injiniya Kabiru: Kamfanonin za su ce maka batirin da ke injin dusa da hunturu shi ne zai koma injin yankan ciyawa da bazara, kuma wannan gaskiya ne, ya fi a bar shi wata da watanni a ajiye. In ma za a ajiye, a bar shi da kamar rabin caji, a wuri marar zafi. Amma batir yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, jikin injin kuwa ƙarfe ne da zai iya shekaru masu yawa. In kamfani ya canja siffar mahaɗa, lafiyayyen inji ya zama juji. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta ce daga Fabrairun 2027 dole batirin kayan hannu ya zama wanda mai kayan zai iya cirewa ya canja. Ba ta ce na kowa ya shiga na kowa ba. A ƙananan kayan aiki masu volt 18 wasu kamfanoni sun haɗa kai kan batir ɗaya, kamar ƙawancen da Metabo ya jagoranta. A manyan batura irin na injin dusa, kowa na riƙe da nasa.

Hajiya Rabi: To wanda zai saya ya tambayi shekara nawa kamfanin ya yi bai canja mahaɗar batirinsa ba. Lokaci ya cim mana. Injiniya, Usman, mun gode. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.